Zaren Zuma da Ƙaramin Cokali

A can wani zamani, an yi wata yarinya da ke zaune da kakarta. Ran nan tari ya sarƙe tsohuwar, ga zumar magani saura kaɗan a gora.

Yarinyar ta ɗaga goran sama da gaggawa. Zumar ta zubo siririya kamar zare, tana naɗewa a cokali, zobe kan zobe, har ta tuntsure ƙasa. Ta ƙara ɗagawa, zumar ta ƙara tuntsurewa.

"Wayyo Kaka, za ta ƙare!"

Da ƙyar tsohuwar ta ce, "Sauko da hannunki, 'yar nan."

Yarinyar ta sauko da goran dab da cokali, ta jira. Zumar ta daina naɗewa, ta kwanta, cokali ya cika. Kaka ta lasa, numfashinta ya dawo.