Ƙwayoyin Yaya Hambali

Kubra na zaune a ƙofar ɗakinta da hantsi tana tsince wake, ta ɗaure goshi tamau da ɗankwali, sai ga surukarta Inna Dada ta shigo da ƙunshin takarda a hannu, fuskarta sake.

"Ajiye waken nan ki ɗebo ruwa. Yayanku ne ya aiko miki. Ya ce ki haɗiyi biyu yanzu, biyu da la'asar, kan zai sake ki."

Shekarar da gwamnati ta buɗe firamare a kowane ƙauye ce, kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa da abin da ya kama. Ƙasimu, mijin Kubra, malami ne a makarantar Basirka. Wansa Hambali kuwa ya dawo daga Kano ya buɗe kemis a bakin kasuwa, har mutane sun fara kiransa Dakta. Shi ya riƙe Ƙasimu tun rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi a makaranta, shi kuma ya tsaya tsayin daka aka ba shi Kubra da yake so. Maganarsa a gidan nan ba ta faɗuwa ƙasa.

Kubra ta buɗe ƙunshin. Kafso ne mai ja da ruwan ɗorawa, da fararen ƙwayoyin ciwon kai. Cikinta wata takwas, na fari, bayan shekara uku ana jira. Ba ta manta abin da sista ta gaya musu ranar awo a Birnin Kudu ba: mai ciki kada ta haɗiyi kowace ƙwaya, komai ƙanƙantarta, sai ta tambaya. Ta durƙusa ta yi godiya, sannan ta ce a yi mata haƙuri, ba za ta sha ba sai an nuna wa asibiti.

Fara'ar Inna ta ɗauke. Kafin azahar magana ta isa kasuwa, ta kuma canza kama, wai matar Ƙasimu ta ce Hambali guba yake sayarwa. Hambali ya rufe kanti ya zo gida ransa a ɓace. Bai ko dubi inda take ba, ƙanensa ya tsare a zaure yana tambayarsa ko yanzu boko ya kai su ga raina shi. Inna ta yanke hukunci: ko ta sha maganin a gabanta, ko ta haɗa kayanta ta tafi gidansu.

Ƙasimu ya shigo ɗaki jiki a sanyaye. Ya lallashe ta, ya ce ƙwaya biyu ce kawai, kowa a garin yana sha, ta taimake shi kada ta raba shi da wansa. Hawaye na zuba a idon Kubra, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Malam, da ni kaɗai ce, wallahi ko tuka ba zan yi ba zan haɗiye saboda kai. Amma mu biyu ne za mu sha, ɗayan kuma ba shi da bakin cewa a'a. Dubi ƙafata, dubi fuskata. Jiya har dishi-dishi nake gani."

Sai a lokacin ya lura. Ƙafafun sun kumbura har zanen lalle ya baje, zoben hannunta ya nutse cikin yatsa. Ya ɗauki ƙunshin ya jefa a aljihu. A tsakar gida ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce ba saɓa mata zai yi ba, zai kai Kubra ne a duba ta, in asibiti ta ce maganin lafiya lau, shi da kansa zai sa ta sha ta kuma nemi gafara. Inna ta juya masa ƙeya. Haka suka shiga motar kasuwa ba wanda ya ce musu a sauka lafiya.

A Birnin Kudu sista na gwada jininta ta ce gado za a ba ta yanzu-yanzu. Ta yi musu bayani cewa jinin ya hau sosai, shi ke kawo ciwon kan. Da ta sha fararen ƙwayoyin, ciwon zai lafa a zauna a gida, jinin yana ta hawa har ya kai ta ga jijjiga, ga shi irinsu na iya jawo zubar jini wajen haihuwa. Kafson kuwa yana ɓata haƙoran yaro tun yana ciki.

Ƙasimu ya kai wa mutanen gida bayanin sista. Sati uku Kubra ta yi a kwance. Ranar da ta sauka, ta samu 'ya mace lafiyayya, Inna Dada ce ta fara isowa da kwanon kunun kanwa. Ta karɓi jaririyar, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce a hankali, "Kin fi ni gaskiya, 'yar nan."

Hambali ya zo washegari da kwali a bayan babur. Kubra ta zaci fushin ne bai huce ba, ashe kayan kantinsa ya kwaso. Ya zube su gaban sista, ya roƙe ta ta ware masa waɗanda ba a ba mai ciki da mai shayarwa, don ta ce masa abin da uwa ta sha yakan bi nono ya isa ga yaro. Ƙasimu na rubutawa, shi yana maimaitawa. Da suka gama ya leƙo ɗakin masu jego, ya sunkuyar da kai.

"Amarya, ki yafe mini. Sayarwa na iya, ban san aikinsu ba."

Ran suna aka raɗa wa yarinya Zahara'u. Tun daga nan duk macen da aka zo saya wa magani a kantin, sai Hambali ya tambaya ko tana da ciki ko goyo. In an ce e, sai ya ce a tafi asibiti tukuna.

Kubra ba ta ɗaga wa kowa murya ba, ba ta kuma ba da kai ba. Biyayya ga manya wajibi ce, amma mace mai ciki ko goyo amana take ɗauke da ita, kuma duk wanda ya miƙo mata ƙwaya, ko da masoyinta ne, haƙƙinta ne ta ce sai ta tambayi masani.