Ɗaki Mai Lamba 124

Ranar da Huraira ta leƙa ofishin bayanan marasa lafiya, Akram na ta kokawa da rubutun likita mai kama da tonon kaji. Aikinsa shi ne mayar da kowace cuta lamba a kwamfuta, don 'yan inshora su gane.

"Malama, ciwon lupus ɗin nan naki na fatar ido, dama ne ko hagu? Sama ko ƙasa?"

Huraira ba ta son cire baƙin gilashinta. Saurayin da ya taɓa ganin abin cewa ya yi bari ya sayo katin waya, har yau bai dawo ba. Ta daure ta cire. Jan tabo ne zagayayye a fatar idon hagu ta sama, ya cinye rabin gashin idon.

Akram ya kafe ta da ido.

"Ba ka gama ba ne?" ta tambaya a fusace.

"Lambar na gama tun ɗazu, H01.124. Kallon ne da saura."

Daga ranar lambar ta zama sunanta a bakinsa, shi kuma ya zama mai riƙe mata lema, don rana ke tayar da ciwon. 'Yan acaɓan Keffi suka laƙaba masa Mai Lema, ko a jikinsa.

Wata safiya ya turo mata saƙon waya don tuna mata ranar ganin likita, sai saƙon ya faɗo a idon mahaifinta, Malam Ubale:

"Gobe ƙarfe goma, H01.124. Kar ki makara, zuciyata."

"H, hotal ke nan!" Malam ya daka tsawa. "Har da lambar ɗaki! Kada in ƙara ganin yaron nan!"

Huraira ta yi kuka har da shessheƙa. Mutum ɗaya tal ya kalle ta bai gudu ba, shi ma za a kore shi.

Washegari Malam ya karaɗe otal-otal ɗin hanyar Abuja da sandarsa, bai sami ɗakin ba. Ya dawo a galabaice, ya sa aka kira Akram.

"Ina ɗakin yake?"

Huraira ta cire gilashi, ta ɗora yatsa a fatar idonta. "Ga shi nan, Baba. Lambar ciwona ce."

Malam ya duƙo ya duba. Shi kansa ya daɗe rabonsa da kallon idon nan, don tausayi.

"Yaro, ka san tabon nan ba ya tafiya?"

"Na sani, Baba. Ba a ɗauka, kuma ba ya tafiya. Ni ma ba na tafiya."

Ranar biki amarya ta yi hoto ba gilashi, ango na riƙe da lema. Malam ya share hawaye ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Ɗaki na 124 kuwa na ba ka, ka zauna har abada."