Fayaman Ɗin Baba Mordecai

Tuwo kawai Umma ta aike ni in kai. A Disamba kuwa, kafin ka wanke hannu daga la'asar duhu ya rufe unguwarmu ta Edmonton a London.

Baba Mordecai maƙwabcinmu ne a hawa na sama. Tsohon direban jirgin ƙasa ne daga Kafanchan, tun zamanin da jirgi ke cin kwal. Yana zaune da 'yarsa Dinatu, nas ce, ran nan tana wurin aiki. Na same shi a kan teburin kicin yana fama da ɗan kan jirgin wasan da yake haɗawa, baƙi, bai fi tsawon burodi ba.

"Zarah aku, zo ki ara mini idonki."

Aku yake ce mini, don babu muryar da ba na ɗauka. Na taɓa sa Umma ta tashi da gudu da muryar matar council mai karɓar kuɗin haya.

Na riƙe hantsaki. Wayoyin sirara ne kamar gashi, ja da baƙa, sai an bi da su ta ƙarƙashin tukunyar tururi har zuwa fitilar gaba. Ya ɗiga dalma, ƙaurinta ya tashi. Muka liƙa ƙararrawa, muka liƙa marikin ƙofa. A gefe akwai ɗan mutum-mutumi riƙe da shebur, fari fat, ba fenti.

"Wannan fa, Baba?"

"Bar shi nan. Wurin Wahabu ne."

Na san labarin. Wahabu ne fayaman ɗinsa, mai zuba wa jirgi kwal. Tururi ya fashe masa a kan hanya ya rasu, Baba ya kai jirgin tasha shi kaɗai. Duk lokacin da ya ba da labarin sai ya yi muryar Wahabu, mai kauri da shaƙewa.

Ya nuna mini 'yar sifika kamar maɓalli. "Kukan jirgin da ta zo da shi na Turawa ne. Yi mini irin namu in yi recording. Dogo ɗaya, gajere ɗaya."

Umma ta hana mu yin fito da baki da magariba, wai kira ne, kuma ba ka san wa zai amsa ba. Amma wane aljani ne zai biyo mutum har flat ɗin council?

Na yi fiton. Baba ya lumshe ido. Sai tsiyata ta motsa, na shaƙe murya na ƙara masa: "Direba, wuta ta kama!"

Ni kaɗai na yi dariya.

Fitilar jirgin ta kunna. Baƙar wayar kuwa tana cikin hantsakina, ba mu haɗa ta ba tukuna.

Ƙarar bas-bas ɗin titi ta ɗauke ɗif. Wari ya cika kicin, ba na dalma ba, na jiƙaƙƙen kwal. Daga cikin jirgin na ji shebur yana karce ƙarfe. Ƙirr. Ƙirr.

Na buɗe baki in yi salati.

"Direba," in ji bakina. "Hau mu tafi."

Ba ni na faɗa ba. Maƙogwarona ya yi zafi kamar na haɗiyi garwashi.

Baba ya miƙe, bai ko nemi sandarsa ba. Idonsa ba ya kaina.

"Wahabu?" ya ce a hankali. "Na makara ne?"

"Kai kaɗai ake jira."

Kowa a gidanmu ya sani: in aljanu suka kira ka ka ce ga ni, shi ke nan. Leɓen Baba ya fara motsi.

Na lalubi muryata. Babu ita. Na lalubi ta Umma. Babu.

Ɗaya ta rage can ƙasa, wadda nake ji kullum ta silin ɗinmu. Na finciko ta da ƙarfin tsiya.

"Daddy! Zauna mini nan! Have you taken your tablets?"

Dinatu sak.

Baba ya zabura. "Na sha, Dinatu, na sha mana!" Ya faɗa kan kujera yana haki.

Na fizge jar wayar. Ƙarfen dalma ya ƙone ni a wuyan hannu, ban ma ji ba.

Fitilar ta mutu. Wata bas ta wuce a ƙasa.

Da Baba ya ɗaga jirgin zai mayar kwali, sai hannunsa ya tsaya. Mutum-mutumin ba ya gefen tebur. Yana cikin jirgi a wurin fayaman, fuskarsa baƙi ƙirin da kwal.

Baba yana nan da ransa, har yanzu ina kai masa tuwo, amma da rana. Muryata ta dawo washegari. Sauran dai sun tafi, matar council da Umma da Dinatu duka. Ƙawayena kan ce, "Zarah, ɗan yi mana wani mana." Sai in ce mura nake yi.

Ɗaya ce ta rage mini, mai kaurin nan da shaƙewa, kuma ba na kiranta. Ita ce kan yi gyaran murya da kanta, duk ranar da magariba ta same ni a kan platform ɗin jirgin Overground.