Tocilar da Ka Sayar Mini

Kai mai shago, kai ka cuce ni! Na dawo maka da tocilar nan na ce tana zafi kamar garwashi, ka ce in riƙa kashewa tana hucewa. To, daren jiya ina dawowa daga dubiya ta ɗau zafi, na kashe ta a tsakiyar hanya. Sai na ji an ce, “Kawo in riƙe miki, Iya.” Muryar maƙwabcina ce sak, na miƙa. Yatsunsa suka taɓa hannuna, sanyi ƙalau. Da ya kunna, hasken ya sauka a ƙafafunsa: kofato ne.

Tun lokacin hannun nan ya ƙi motsi, kuma da shi nake wankau. Fito ka faɗa mini wa zai ciyar da ni!