Wankin da Na Yi a Tafki

Motarmu ce gidanmu, da ita muke yawo. Jiya muka yada zango bakin wani tafki a yankin Kimberley. Mijina Clint ya ce kar na kuskura na yi wanki a ciki, tafkin da mai shi. To, tankin ruwanmu ya kusa ƙafewa, ga dattin yara! Na faki idonsa na wanke kayansu a tafkin.

Da magariba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata tsohuwa ce, jiƙe sharkaf, idanu jajur.

“'Yar nan, wa ya zuba min sabulu a ido?”

Allah gafarta min, bakina ya riga ni: “Yarinya ce, Kaka, ba ta sani ba.”

“Wannan?”

Kumfa na dalalowa daga bakinta, ta leƙa ta kafaɗata inda autata Tahlia ke barci.