Allurar Baba Sittin

Sufeto ya cire takalminsa na dama ke nan don ƙafar da ta kumbura ta sha iska, sai Saje ya leƙo ofis.

"Yallaɓai, haɗari a kwanar gada. Mutum ɗaya, ya cika."

Sufeto ya dubi takalmin kamar wanda ya ci masa bashi, sannan ya mayar da shi.

Motar tsohuwar ƙira ce, doguwa, mai ruwan madara, irin wadda yanzu sai a hoto. Ta daki ƙarfen gefen gada, gabanta ya shige ciki. An riga an ciro direban an lulluɓe shi da zane. Dattijo ne mai furfura, da ɗan abin ƙara ji maƙale a kunnensa.

Saje ya bi sawun birki a kwalta, ya dawo yana girgiza kai.

"Gudun wannan ya kai tamanin, ko ya fi."

Sufeto ya sunkuya da ƙyar ya leƙa ta taga. Gilashin agogon gudu ya fashe ya danne allurar a inda take. A kan sittin ta tsaya.

"To ko kwalta ko allura, ɗaya na yi mana ƙarya," in ji shi.

A gidan mamacin an fara taruwa. Matarsa na zaune a falo, hannuwanta a kan gwiwa. Babban ɗansu, malamin lissafi a wata sakandare, yana tsaye a bayan kujerarta.

"Mama, Allah ya ba ku haƙuri. Maigidan yana da gudu a mota?" in ji Sufeto.

Ta yi wani ɗan murmushi mai ciwo.

"Gudu? Ai Baba Sittin yaran unguwa ke ce masa. Ko gobara ce a bayansa ba ya wuce sittin. Tun da kunnensa ya yi nauyi ba ya jin ƙarar inji, allurar nan kawai yake bi. Ni har cewa nake ya fi kallonta a kaina."

"An taɓa motar kwanan nan?"

"Satin da ya wuce ta dawo daga wurin bakanike. Wani abu ya sa aka canza mata a baya, wai don ta rage shan mai. Ni ban san kansa ba."

Sufeto ya ɗaga ido ga ɗan.

"Malam, kai fa?"

"Ni da motar nan sai kallo, Yallaɓai. Ko taya ban iya canzawa ba."

Ya faɗa ne yana duban bango. Masu makoki ba su cika son haɗa ido da ɗan sanda ba, Sufeto ya saba.

Garejin bakaniken yana bayan wata kasuwar katako. Mutum ne sa'an Malam, kuma labari ya riga ya iso masa, don yana ganin kaki ya ajiye sifana.

"Me ka yi wa motar?"

"Giyar aksul ta baya na canza, Yallaɓai. Na sa mata mai dogon zango, yadda taya za ta yi nisa ba tare da inji ya wahala ba."

"Agogon gudu fa?"

"Shi ma sai an gyara. Ai agogon ba taya yake ƙirgawa ba, juyin farfela yake ƙirgawa, sandar nan da ke kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa tayoyin baya. Da an canza giyar baya, lissafinsa ya rikice."

Sufeto ya ja wani benci ya zauna. Ya taɓa riƙe tsohuwar mota shekarun baya, ta koya masa abin da bai nema ba.

"Wato in an bar shi haka, farfela na juyi kaɗan, mota na cin ƙasa da yawa. Allura ta nuna ƙasa da gaskiya."

"Haka ne. Tana kan sittin, kai kana tamanin. Shi ya sa akwai wata 'yar giya ta roba a bakin wayar agogon, kamar yatsa. Na cire tsohuwar, ja, na sa koriya mai ƙarancin haƙora. Na bi motar wani da ita a hanya, allura ta zauna daidai."

"Ina jar?"

Bakaniken ya goge hannu a tsumma, duk da hannun a goge yake.

"Na jefar a shara."

"Ɗauko sifanarka. Mu je ka nuna mini koriyar."

An riga an ja motar zuwa harabar ofis, an ajiye ta tsakanin wasu babura da kura ta rufe. Aka ɗaga ta da jak. Bakaniken ya kwanta a kan kwali ya shige ƙarƙashi, ya kwance ƙusa ɗaya, ya zaro wayar. Ya daɗe a can fiye da yadda aikin ke buƙata.

"Fito mana," in ji Saje.

Ya fito da abin a tafin hannunsa, baƙin mai na ɗiga. Sufeto ya karɓa ya goge da takarda. Ja ce.

"Shara ta dawo da ita ke nan?"

"Wallahi koriya na sa."

"To ko ba ka sa ba ka kashe mutum da sakaci, ko ka san wanda ya mayar da wannan. Zaɓi ɗaya. Ƙafata na ciwo, ba zan tsaya har la'asar ba."

Bakaniken ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

"Ban jefar ba. Baba ba ya barin ko tsohuwar ƙusa, komai aka cire sai a haɗa masa a kwali. Malam ne ya zo ya karɓi kwalin."

"Ya ce wani abu?"

"Ya ɗaga jar giyar ya tambaye ni amfaninta. Na gaya masa. Sai ya ce, in aka bar ta fa? Na gaya masa wannan ma. Sai ya hau lissafi da yatsa."

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Tare muka tashi, Yallaɓai. A ƙarƙashin motar nan Baba ya koya mana riƙon sifana, ni da shi. Ya ma fi ni hannu, karatu ne ya ja shi. Da na ji labarin yau, shi na fara tunawa."

Sufeto ya sa jar giyar a leda ya miƙa wa Saje. Bai ji daɗin komai ba. Da sakacin bakanike ne, da aikin ya fi sauƙi.

Sun koma gidan rana ta fara sanyi. Sufeto bai shiga falo ba, ya nemi a buɗe masa rumfar da ake ajiye motar. Wuri ne tsaf, kowace sifana a rataye a ƙusarta. A tsakiyar siminti akwai ɗan tabon mai, sabo, an zuba masa yashi. Kwalin yana kan kanta. Sufeto ya zazzage shi a hankali. A ƙasan tsofaffin ƙarafa, a naɗe cikin hankici, ga koriyar giya, haƙoranta ko dusashewa ba su yi ba.

Ya aika a kira Malam.

Malam ya shigo, ya ga abin da ke kan kanta, ya tsaya.

"Ka ce ko taya ba ka iya canzawa ba."

Malam ya dubi tabon man da ke ƙasa.

"Malam, na gaji. Kai ma na ga alama ka gaji. Zauna ka gaya mini."

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Da ya fara magana, muryarsa ba ta rawa, kamar mai karanta sakamakon jarrabawa.

"Idonsa ya fara tafiya. A miƙe yana gani, a gefe ba ya gani. Watan jiya ya yi baya a ƙofar gidan nan, saura ƙiris ya taka 'yata. Bai ma san an yi ba. Na roƙe shi ya ajiye tuƙi, Umma ta roƙe shi, likita ya gaya masa. Ya ce duk ranar da hukuma ta kama shi da laifi a hanya, shi da kansa zai miƙa makulli. Shekara arba'in ba a taɓa tsayar da shi ba, da wannan yake rufe mana baki."

"Sai ka nemo masa laifi."

"Akwai miƙaƙƙiyar hanya kafin gada. Kullum masu kula da hanya na wurin da na'urarsu ta auna gudu. Na ce zai wuce su da tamanin, su tsayar da shi, su ci shi tara, su dubi idonsa, shi ke nan. Na yi lissafin gudun daidai. Kwanar ce ban sa a lissafi ba, don na ɗauka ba zai kai can ba." Ya ɗago kai. "Kullum suna wurin, Yallaɓai. Kullum. Yau ina suka je?"

Sufeto ya san amsar. Motarsu ce ta ƙi tashi da safe, har an zo ofishinsa neman batir, bai samu ba. Ya duba fuskar Malam, ya ga babu abin da wannan amsar za ta gyara.

"Tashi mu je," kawai ya ce.

Saje ya zaro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai.

Sun kusa ƙofa sai ga uwar ta fito daga falo tana gyara mayafi. Ta dubi ɗanta, ta dubi 'yan sandan biyu da suka sa shi a tsakiya.

"Ina za ku da shi? Mutane na jiransa, shi ne babba."

Malam ya matsa kusa da ita. Ya durƙusa a gabanta, ya kama bakin mayafinta.

"Umma, ni ne. Ni na taɓa motar."

Ba ta fahimta ba tukuna. Ta sa hannu a kansa kamar yadda ta saba, tana duban Sufeto don ya yi mata bayani. Sufeto ya kawar da kai ya dubi titi. Ya ba su ɗan lokaci, sannan ya taɓa kafaɗar Malam, suka fita. Saje ya buɗe masa ƙofar baya ta motarsu, ya shiga da kansa.