Takarda Uku a Bakin Zani

Ranar Litinin da safe Malama Afiniki, shugabar Zumuntar Mata, ta buɗe wayar ƙungiya ta tarar da asusun kirifto, wato kuɗin intanet, wayam. Kuɗin irin citta ne na gwauraye mata ashirin da cuta ta cinye gonakinsu bara. Ɗanta Yafet ya turo su daga ƙasar waje, ga damina ta ƙarato.

Da ta kai ƙara wajen 'yan sanda, Sufeto Silvanus na Kafanchan bai ɓoye mata ba. "Mama, da eNaira ne, Babban Banki ya san sunan mai asusu. Wannan babu banki, babu ofis. Wanda ya riƙe kalmomin sirri sha biyu, shi ne mai kuɗi."

Kalmomin kuwa raba su aka yi uku, yadda ake raba makullan akwatin baiko a coci: huɗu wajen Afiniki, huɗu wajen Rosemary ma'aji, huɗu wajen Serah sakatariya, kowacce da nata a takarda. Sufeto ya kira su ɗaya bayan ɗaya, Afiniki na gefe.

"Wa ya ga takardarki?"

"Ko maigida na bai gani ba," in ji Rosemary. "Yana ɗinke a bakin zani na na Zumunta." Ta juya bakin zanin, ga ɗinki ko zare bai motsa ba.

Serah ma haka. Babu wadda ta taɓa ganin ta 'yar'uwarta.

"Wa ya ɗinka?"

"Jacinta," in ji kowaccensu.

Jacinta 'yar marigayiya ƙanwar Afiniki ce, a hannunta ta girma, kuma nata zanin ma can ta kai. Afiniki ta yi maza ta ce, "Duk matan coci wajenta suke ɗinki, Sufeto."

"Yarinyan akwai hankali," in ji Serah, wai taimako take yi. "Har ya tambaye ni, takarda na ne na farko ko na tsakiya, don kada ya rikice."

Nan Afiniki ta daina kare kowa. Ita ma an yi mata wannan tambayar, ta amsa tana dariya.

Suka iske Jacinta a shago tana kan keken ɗinki. Afiniki ta riga Sufeto magana.

"Daban-daban muka kawo miki zannuwan nan, me zai rikice? Tela ba ruwanta da wace takarda ce ta farko. Mai son buɗe asusu ne kaɗai yake bukatar jerin kalmomin."

Ƙafar Jacinta ta tsaya. "Mama, juyawa kawai na yi. An ce sati biyu zai ninka, in mayar."

"Ya ninka?"

Jacinta ta girgiza kai.

Afiniki ta dubi keken da ta saya mata da kuɗin sallamarta na koyarwa. Takaicin da ta ji ya fi na kuɗin, don da hannunta ta miƙa takardar, tana yabon ɗinki.

"Mama..."

"Kwance min bakin zanin nan ki cire takardar," in ji Afiniki. "Da shi zan tsaya gaban gwauraye a taron ranar Laraba in faɗa musu."